Wasiƙun da Suka Faɗa Akwatin Tarkace

Littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, mai shuɗin bango, na saye shi a kasuwar garinmu ana jibi Babbar Sallah. Washegarin Sallah ƙungiyar ci gaban garinmu take taronta na shekara, domin a lokacin ne 'yan Birnin Gwari mazauna Legas da Kano da Fatakwal, har da na ƙasashen waje, suke gida. A wannan shekarar aka ɗora mini aikin sakatare. Ba don na fi kowa iyawa ba. Ni malamin sakandare ne, ina zaune a gari, kuma ina da wata tsohuwar kwamfuta da batirinta ba ya riƙe wuta. Bayan an yi addu'ar tashi na tsaya a bakin ƙofar zauren taron da littafin nan da biro, na ce duk mai son in riƙa aika masa labarin gida sau ɗaya a wata ya rubuta adireshin imel ɗinsa da hannunsa. Wani dattijon injiniya mazaunin Legas ya riƙe biron, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce shi akwatinsa ba juji ba ne. In labarin gida ne to, in kuma wani abu ne daban kada ya gani. Na yi masa alkawari a gaban mutane, sannan ya rubuta. Kafin a watse an cika mini shafi tara.

Na buɗe wa ƙungiya adireshinta, na fara. Wasiƙar ba wata aba ce mai ado ba. Ina faɗin yadda damina ta kama, ko masara ta yi, wa ya rasu, wa ya aurar, wace gada ruwa ya ci. Da al'amarin daji ya tsananta sai wasiƙar ta yi nauyi: yaya hanyar Kaduna take a makon nan, waɗanne ƙauyuka ne suka tashi, azuzuwan wace makaranta aka sauke mutanen ƙauyen Kakangi. Nakan kwana biyu ina gyara jimla ɗaya, don kada in tsorata wanda ke nesa, kada kuma in yi masa ƙarya. Mutane suna amsawa. Wani ya yi ta'aziyya, wani ya gyara mini sunan unguwa, wani ya tambayi ko tsamiyar bakin tasha tana nan.

Talla ɗaya na taɓa sakawa. Wasu mata daga cikin waɗanda suka baro ƙauyukansu sun haɗa kai suna sayar da zuma da man kaɗe da daddawa, sai na ga ya kamata 'yan garinmu na nesa su sani. Na rubuta wa kowa cewa daga wata mai zuwa zan riƙa saka layi biyu a ƙasan wasiƙa game da kayan matan nan, wanda bai so ya gaya mini, wanda ya yi shiru na ɗauka ya yarda. Mutum biyu suka ce ba sa so, na riƙa aika musu tasu daban. Matan kuwa suka fara samun ciniki, ana ɗora jarkokin zuma a motocin Kaduna.

Akwai mutum ɗaya a jerin da bai rubuta sunansa a littafina ba. Shi ya rubuto da kansa, ya ce wani ya tura masa wasiƙar, yana roƙon a saka shi. Da na ga sunan sai na ajiye biro, domin ɗan maƙwabcina ne, wani tsohon tela da shagonsa ke jikin katangar gidanmu, wanda duk unguwa ke ce wa Baba. Ɗan nasa ya girme ni da kaɗan. Ya bar gari da daɗewa bayan wata rigima tsakaninsa da uban, wadda har yau ban san gaskiyarta ba. Wasu sun ce gona ce, wasu sun ce wata magana ce uban ya faɗa masa a gaban mutane. An ce yana aikin asibiti a wata ƙasa mai sanyi. Babu mai lambar wayarsa, har 'yan uwansa mata. Kowane wata yakan amsa mini da layi ɗaya, ya ce ya gani, Allah ya saka. Sau ɗaya ya ƙara da tambayar ko shagon Baba yana nan.

Na je na gaya wa Baba. Yana kan keken ɗinki, bai ɗago ba, bai tsayar da ƙafa ba, har na zaci bai ji ba. Amma tun daga ranar, duk ƙarshen wata in na zo wucewa sai ya tambaye ni ko wasiƙar wata ta tafi. In na ce ta tafi sai ya ce madalla, ya ci gaba da aikinsa. Ni ma sai na riƙa cusa shagon a cikin labari ko babu dalili: an yi wa shagon Baba sabon rufi, Baba ya ɗinka wa 'yan gudun hijira kayan makaranta. Da haka uba da ɗa suka shekara biyu suna gaisawa ba tare da ɗayansu ya yi wa ɗaya magana ba.

Sai aka katse sabis ɗin waya a yankinmu saboda matsalar tsaro. Wanda bai zauna a cikin wannan ba ba zai gane shi ba. Waya ta koma tocila da agogo. In kana son jin muryar ɗan'uwanka sai ka shiga mota ka yi tafiya mai nisa a kan hanyar da kowa ke addu'a kafin ya hau. Wasiƙar wata ta tsaya, a daidai lokacin da na nesa suka fi bukatarta.

Ina da taubashi a Kaduna, ɗan gwaggona, ƙanwar mahaifina. Tare aka yi mana kaciya, tare muka yi firamare, a ɗaki ɗaya muka kwana shekara huɗu lokacin da gwaggo ta kawo shi gidanmu karatu. Tsakaninmu wasa ne tun muna yara. Shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa. Yana da shagon buga takardu da kwamfutoci uku, yana kuma dillancin filaye a bayan gari. Mutum ne mai saurin hannu da daɗin baki, ba ya zama wuri ɗaya. Da na rasa yadda zan yi, na bi ayarin motocin da sojoji ke rakawa na je wurinsa. Ya tarbe ni da tsiyarsa ta kullum, wai bawansa ya fito daga daji, a ba shi ruwa kada ya suma. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Zan riƙa rubuta wasiƙa a gida in saka a filash, ɗan abin nan na adana rubutun kwamfuta, in ba wani direba da na yarda da shi, shi kuma ya aika wa mutane, ya buga mini amsoshinsu a takarda ya ba direban ya dawo mini da su.

Na rubuta masa kalmar sirrin adireshin a bayan wata takarda. Kafin in miƙa masa na ce ya bar wasa, wannan amanar mutane ce, kowa da hannunsa ya ba ni, kuma na yi alkawarin ba za su ga komai ba sai labarin gida. Ya dafa ƙirji ya ce ko wuƙa aka sa masa. Na tuna har ya raka ni tasha ya saya mini gasasshiyar masara.

Watan farko ambulan ta dawo mini da kauri. Mutane sun yi murna, wasu har da addu'o'i masu tsawo. Wata na biyu ta rage. Wata na uku takarda huɗu ce a ciki, da ɗan guntun rubutun taubashina cewa mutane sun gaji da labarin mutuwa, in riƙa sa abin dariya. Na yarda da shi. Na zauna ina zargin alƙalamina, har ina zargin 'yan garinmu na nesa a zuciyata, ina cewa sun ji daɗin birni sun manta da mu. Layin ɗan Baba ma ya daina zuwa. Da Baba ya tambaye ni ko wasiƙa ta tafi nakan ce ta tafi, ba na ƙara komai.

A cikin wannan halin Baba ya kwanta. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya. An kai shi asibiti aka dawo da shi, domin abin da yake bukata sai Kaduna, shi kuma ya ce ba za a ɗora shi a wannan hanyar ba. Wata ranar Talata bayan la'asar ya aiko a kira ni. Na same shi a jingine da bango, an tara masa matasai. Ya sa matan suka fita.

"Malam, wasiƙar nan taka, ana iya aika ta ga mutum ɗaya shi kaɗai?"

Na ce ana iyawa, Baba.

"To ka rubuta masa. Ka ce ni na ce. Ka ce maganar da na faɗa na janye ta, ban kwana da ita ba ko sau ɗaya. In zai iya zuwa ya zo. In hanya ta hana shi, ya aiko da magana ko guda ce, ka karanta mini."

Na rubuta a gabansa, na karanta masa, ya ce in cire kalmar roƙo da na saka, shi bai ce yana roƙo ba. Na cire. Na ƙara lambar wayata a ƙasa ko da sabis zai dawo. Ranar Alhamis direba ya tafi da filash, ranar Asabar ya dawo da guntuwar takarda daga taubashina: an tura. Babu amsa. Bayan kwana goma na sake rubutawa, na ce jikin ya yi tsanani. An tura, babu amsa. Duk ranar da direban zai dawo Baba yakan sa a buɗe ƙofar ɗakinsa don ya ji shigowata. Nakan tsaya a zaure in daidaita fuskata kafin in shiga. Na ce masa wataƙila aiki ne ya yi wa ɗan nasa yawa, wataƙila ya yi tafiya. Ta uku da na rubuta ban gaya masa ba, domin ya riga ya ce in bari. Ya ce yaron ya ji, kuma yana da gaskiyarsa, kada a matsa masa.

Ya rasu da hantsi, ranar wata Litinin, muka kai shi kafin azahar. Na rubuta wasiƙa ta huɗu, gajeriya, kuma ba zan ɓoye ba, da fushi na rubuta ta. Na ce mahaifinka ya rasu yana sauraren ƙofa.

Bayan rasuwar da kamar mako uku sabis ya dawo, yana zuwa yana ɗaukewa. Ina ɗakin malamai ina duba takardun jarrabawa wayata ta yi ƙara da wata doguwar lamba. Muryar babban mutum ce, Hausarsa ta ɗan yi tsatsa. Ya ce shi ne ɗan Baba, sai na tashi na fita bayan azuzuwa.

Ya ce yau ɗin nan ya ga wasiƙuna. Yana neman wata takardar wurin aikinsa da ta ɓace, aka ce ya duba akwatin tarkace, wurin da imel ke jefa saƙonnin banza, wanda masu kwamfuta ke ce wa sifam. A can ya ga biyu, ta uku da ta rasuwa. Na ce huɗu na aiko. Ya ce akwatin yana share kansa bayan wata guda, na farkon sun tafi. Na tambaye shi me zai kai wasiƙar ƙungiya akwatin tarkace, alhali shekara biyu tana shiga. Ya ce shi ya kai ta.

"Malam, tallace-tallace suka riƙa zuwa mini da adireshinku. Filaye a bayan Kaduna, maganin basir, maganin ƙarfin maza, kusan kullum, wani lokaci sau biyu a rana. Na rubuto na ce a daina, ba a daina ba. Na zaci ɓarayi sun sace adireshin. Sai na danna wurin da ake cewa wannan saƙon banza ne. Da hannuna na danna."

Na zauna a kan wani bulo. Ya tambaye ni abin da wasiƙar farko ta ƙunsa. Na faɗa masa kalma da kalma, domin na haddace ta, har da kalmar da Baba ya sa na cire. Na ji yana numfashi a can, har sabis ya ɗauke ya raba mu.

Na koma gida na buɗe adireshin, karo na farko tun da na bayar da shi. Wurin saƙonnin da aka aika fes yake, babu komai sai wasiƙuna na wata-wata da guda huɗun nan na Baba. An tura su da gaske, a ranakun da taubashina ya ce. Har na fara cewa ko ɓarayin ne. Amma zuciyata ba ta kwanta ba, sai na tuna da wata da muka yi kwalejin horon malamai tare, wadda yanzu take koyar da kwamfuta a wata babbar makaranta a Kaduna. Ranar Asabar na hau mota.

A ofishinta ta buɗe adireshin, ta shiga wasu lunguna da ban san da su ba. Ta nuna mini an haɗa shi da wata manhaja mai aika saƙo ga jama'a da yawa a lokaci guda, an kuma shirya shi yadda duk amsar da ta zo da kalmar a daina ko a cire ni za ta wuce kai tsaye zuwa wata ɓoyayyiyar jaka. Ta buɗe jakar. Ga su nan jere. Ɗan Baba, sau biyu, cikin ladabi. Wata likita 'yar unguwarmu. Dattijon injiniyan nan na Legas, layi ɗaya: Malam, ba haka muka yi da kai ba. A ƙarƙashinsu kuma saƙonnin da suka dawo babu adadi, daga adiresoshin mutanen da ban taɓa ji ba, wasu adiresoshin ma sun daɗe da daina aiki. Ta ce wannan alama ce an sayo jerin adiresoshi a wani wuri an gwama da nawa.

Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce adireshi ma yana da mutunci kamar mutum. Kamfanonin da ke riƙe da akwatunan mutane suna lura: in kana aikawa ana buɗewa ana amsawa, sai su riƙa buɗe maka ƙofa. In kana aika wa waɗanda ba su san ka ba, kana ƙwanƙwasa gidajen da babu kowa, mutane kuma suna danna cewa ka dame su, sai su daina tambayar me ka kawo. Ba sa karanta cewa wannan tallan fili ne, wannan kuma uba ne ke kiran ɗansa. Sunan wanda ya aiko kawai suke dubawa. Ta ce a yadda ta ga abin, ba ɗan Baba kaɗai ba, yawancin mutanena sun daina ganin wasiƙar wata tun tuni, ko da ba su danna komai ba.

Na tambaye ta, to tallan zuman da nake sakawa fa, shi ma saƙon banza ne? Ta ce talla ba laifi ba ce. Bambancin kawai shi ne ko mutum ya ce a kawo masa, ko ya san wanda ke kawowa, kuma in ya ce ya isa a daina. Ta nemi in nuna mata yadda na tambaye su. Da ta karanta sai ta ce na kyauta da na tambaya, na kuma kyauta da na ware waɗanda suka ƙi, amma wannan layin na wanda ya yi shiru ya yarda, shi ma ɗan taka iyaka ne, domin shiru ba amsa ba ce. Maganar ta zauna mini. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma ban je Kaduna don daddawa ba.

Daga ofishinta na wuce shagon taubashina. Yana ganina ya fara, wai bawansa ya shigo birni babu izini. Na jira mai buga takardar da ke gabansa ya fita, na ajiye masa amsoshin da malamar ta buga mini a kan tebur. Ya duba ta sama, ya ture su gefe, ya yi dariya, ya ce ai ya zaci wani abu ne ya faru.

Ya ce shi bai cuci kowa ba. Filayen na gaske ne, da takardunsu, duk mai so ya zo a kai shi ya gani. Maganin ma ba na bogi ba ne, na wani abokinsa ne. Ya ce talla ce kawai, kamar yadda ake yi a rediyo, wanda ba ya so ya share, yatsa ɗaya ne. Adireshi ba sabulu ba ne da zai ƙare don an yi amfani da shi. Ya ce ni ma ai ina tallan zuma, ko zuma ce kaɗai Allah ya halatta? Kuma duk abin da na ba shi ya tura, ko ɗaya bai riƙe ba, in duba in gani.

Na tambaye shi me ya hana shi yin tallarsa da adireshin shagonsa.

"Nawa ai sun mutu," in ji shi. "Biyu na buɗe, duk suka daina shiga. Naka ne ke shiga kai tsaye, mutane sun san shi."

Ya faɗe ta ne a sauƙaƙe, kamar mai bayanin dalilin da ya sa ya ari keke. Sai da ta fita ya ji abin da ya ce. Har zuwa wannan lokacin ina riƙe da wani ɗan uzuri da na tanadar masa tun a mota, cewa bai san abin da zai biyo baya ba, jahilcin abin ne irin nawa. Ashe ya sani. Ya ga yadda adireshi ke mutuwa har sau biyu a hannunsa, ya karɓi nawa yana sane da inda zai kai shi. Kuma da amsoshi suka ragu, ya ɗauki biro ya rubuta mini cewa mutane sun gaji da labarin mutuwa.

Na gaya masa labarin Baba, tun daga ranar Talatar nan har zuwa wayar da aka yi mini. Ya san Baba. Shi ya ɗinka mana kayan Sallah muna yara, iri ɗaya. Fuskarsa ta canza, ya yi salati, ya ce Allah ya jiƙansa. Na jira. Sai ya ce amma tsakani da Allah, ai ɗan ne ya danna, kuma wanda ya shekara ashirin bai nemi ubansa ba, ba talla ce ta raba su ba. Ya ce kwana ya ƙare ne kawai. Sannan ya miƙo hannu zai dafa kafaɗata, ya ce haba bawana.

Na ce kada ya ƙara kirana da wannan sunan. Na kwashe takarduna na fita. A tasha na zauna a benci na fi awa guda, motoci biyu suka cika suka tashi ina kallo.

Magana ta kai kunnen gwaggo, ba ta bakina ba. Ta aiko a kira ni, na je, na durƙusa na gaishe ta. Ta ce ta ji an ce mun ɓata a kan wasiƙar cikin waya, abin da ba a gani ba a taɓawa, ita ba ta gane ba kuma ba ta son ta gane. Ta ce uwa ɗaya uba ɗaya suke da mahaifina, in ta mutu mu ne za mu ɗauke ta, ba ta yarda mu ɗauke ta muna hararar juna ba. Ta sa ɗan nata, da na tarar zaune a gefe, ya ce in yi haƙuri, ya faɗa yana kallon tabarma. Na ce ya wuce, saboda ita. Muna gaisawa a wurin suna da jana'iza, ya tambayi iyali in tambayi nasa.

A taron ƙungiya na gaba na tashi na faɗi abin da ya faru, ban ambaci wanda ya yi ba, na ce ni na bayar da kalmar sirrin, laifin nawa ne. Wasu manya suka ce a bar maganar, tun da ba a ci kuɗin kowa ba. Wannan ma ya yi mini ciwo, yadda abin bai zama komai ba a wurinsu. Na nemi a sauke ni, aka ƙi, domin babu mai son aikin.

Malamar ta ce tsohon adireshin zai yi wuyar farfaɗowa, gara a rufe shi. Na rufe. Na buɗe sabo, ta shirya mini shi, ta sa wurin da mutum zai danna ya fita a ƙasan kowace wasiƙa. Ta hana ni kwashe tsohon jerin in zuba a ciki. Ta ce in bi mutane ɗaya bayan ɗaya, ta waya ko ta bakin 'yan uwansu, in gaya musu gaskiya, wanda ya ce e da bakinsa shi kaɗai zan saka. Na yi wata huɗu ina wannan aikin, ina hawa tudun bayan makarantarmu inda sabis ya fi ƙarfi. Na maimaita labarin kunyata har na daina jin nauyinsa a baki. Wasu suka ce ba komai, a saka su. Wasu ba su ɗauki waya ba. Likitar unguwarmu ta ce ita da farko ta zaci talauci ne ya sa na fara sayar da maganin basir, har ta yi niyyar aiko mini da taimako. Na yi dariya don ta yi, amma da na sauko daga tudun ban iya cin abinci ba.

Ɗan Baba ya ce a saka shi. Bai zo gida ba har yanzu, amma yana waya da 'yan uwansa mata, ya kuma sa an gyara ɗakin mahaifiyarsu. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, ni ma ban taɓa ɗora masa ba, ba mu kuma sake tayar da maganar ba. Matan zuma sun rasa ciniki na wani lokaci. Yanzu wasiƙarsu daban take, ga waɗanda suka nema kaɗai, kuma ɗaya daga cikinsu ce ke gaya mini abin da zan rubuta.

Waɗanda suka dawo ba su kai rabin na da ba. A watan da ya wuce na rubuta musu cewa an fara komawa gonakin da ke kusa da gari, masara ta yi kyau a gefen ƙauyen Saminaka na nan yankinmu, kuma an buɗe azuzuwa biyu daga cikin waɗanda 'yan gudun hijira suka zauna. Mutum shida suka amsa. Na buga amsoshin a takarda na kai wa shugaban ƙungiya, domin shi ba ya karatu a waya.